Gero Shi Ke Riƙe Gida Kafin Dawa Ta Nuna



A taron ƙungiyoyin gama kai da muka yi kwanan baya a Samaru, bayan an gama maganar taki da bashin iri, sai wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya fito da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, wadda ya ɗaure bayanta da roba, ya ce jikansa ya faɗa masa wai an kusa daina aiki da irinta, gara ya sayar da awaki ya sayi babba. Ya ce, "To, malamai, in sayar ko in bari?" Aka yi dariya. Amma da muka duba, sai muka ga yawancin waɗanda ke zaune a wurin irin wayar nan ce a aljihunsu. Domin haka muka ga ya kamata mu ba da amsa a wannan shafi, yadda kowace ƙungiya za ta karanta, ta tattauna.

Ga ra'ayinmu a taƙaice. Sabunta sabis na waya abu ne mai kyau, ba ma ƙinsa. Amma a yi shi sannu a hankali, kada kuma a kashe tsohon sabis tun sabon bai kai ƙauye ba, tun kuma talaka bai iya sayen wayar da za ta kama shi ba. Mu ma manoma mu bi shi sannu a hankali, a ƙungiyance, ba tare da mun ci bashi ko mun taɓa abincin gida ba.

Mene ne wannan G da ake ta faɗi?

Harafin nan G yana nufin tsara. Kamar yadda ake da kaka, da uba, da ɗa, da jika, haka sabis na waya yake da tsara ta biyu, ta uku, ta huɗu, da ta biyar.

Manya a cikinmu sun tuna zamanin NITEL, sa'ad da layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A Janairu 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. A watan Agusta na wannan shekara Econet da MTN suka fara aiki. Wannan shi ne 2G, aikinsa kira da saƙon tes. A lokacin nan sim kaɗai ya kan kai naira dubu 20, minti ɗaya na magana kuwa naira 50. Sai a 2003 da Glo ta shigo ta fara lissafin kira da daƙiƙa, sa'an nan farashi ya soma saukowa har waya ta iso hannun manomi.

A 2007 aka ba da lasisin 3G, wanda ya kawo intanet cikin waya. A 2016 MTN da Glo suka buɗe 4G, wanda ke ɗaukar hoto da bidiyo da sauri. A Disamba 2021 aka yi gwanjon 5G, MTN da Mafab suka ci, kowannensu ya biya dala miliyan 273.6. MTN ta fara shi a 2022 a birane bakwai: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Zariya ba ta cikin waɗannan na farko. Airtel kuma ta buɗe nata a 2023.

Ku lura da abu ɗaya. Duk da cewa jika ya zo, kakan yana nan yana aiki. Bisa ga lissafin NCC na shekarar 2025, kimanin rabin layukan ƙasar nan ne ke kan 4G, kusan kashi 40 cikin ɗari suna kan 2G, 5G kuwa wajen kashi 3 ne kawai. Ashe dattijon nan namu yana da 'yan'uwa miliyoyi.

Me ya sa sabon ba ya isa ko'ina a lokaci ɗaya?

Wanda yake da babbar waya ya san wannan. Idan yana bakin titin Sakkwato a Samaru, ko wajen PZ a Sabon Gari, sai ya ga 4G a saman wayarsa. Idan ya hau babur ya nausa ƙauyukan da ke bayan Bomo ko Basawa, ko ya gangara fadama, sau da yawa sai alamar ta koma H, wato 3G, ko kuma E, wato 2G. Wani wurin ma sai ya hau tudu.

Dalilin ba boyayye ba ne. Na ɗaya, saƙon waya yana tafiya kamar sauti. Ƙarar babbar ganga ta kan kai ƙauye na gaba, ƙarar ƙaramar kuwa ba ta wuce unguwa. Zangon mita 900 da 2G ya saba bi yana tafiya nesa, yana ratsa bangon ƙasa. Zangon 3,500 da aka sayar domin 5G yana ɗaukar kaya da yawa, amma ba ya nisa, sai an kafa ƙarafan sabis kusa da juna. Na biyu, kowane ƙarfen sabis yana bukatar wuta dare da rana, yawancinsu kuwa da janareta da man dizal suke aiki. Yana bukatar mai gadi, yana kuma bukatar a haɗa shi da sauran, ko ta iska ko ta wayar da ake binnewa a ƙasa. Kamfani ɗan kasuwa ne. Inda dubban ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke sayen data kullum, nan zai fara kai sabon kaya. Ƙauye mai gida hamsin sai ya jira.

Na uku, shi ne wanda ya fi damunmu. Iskar da saƙon waya ke bi kamar gona ce mai iyaka, gwamnati ta yanka ta ta raba wa kamfanoni. Kamfanin da yake so ya faɗaɗa 4G da 5G ya kan so ya share wani sashe na tsohon shuki ya sa sabon. Riƙe tsara huɗu a ƙarfe ɗaya yana kuma cin wuta da kuɗin gyara. Saboda haka a ko'ina cikin duniya kamfanoni suna ɗokin ranar da za su kashe 3G da 2G.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Singafo ta kashe 2G a 2017. Manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G a 2022. A Ingila gwamnati da kamfanoni sun yi yarjejeniya za a gama da 2G da 3G kafin ƙarshen 2033, wato sun ba mutane sanarwar fiye da shekara goma. Afirka ta Kudu ta fara sa ranaku a 2024 da 2025, amma da aka ga yawan talakawan da za a bari a baya, sai aka ɗaga zuwa ƙarshen 2027.

Labarin Ostareliya ya fi kama da namu, gama ƙasa ce ta manyan gonaki da makiyaya. A Oktoba 2024 suka kashe 3G, bayan sun ɗaga ranar har sau biyu. Sai aka tarar akwai wayoyi da yawa masu alamar 4G waɗanda idan za su yi kira sai sun koma kan tsohon sabis, har wasu ba su iya kiran lambar gaggawa ba. Bayan an kashe kuma, manoma da dama suka yi kuka cewa wuraren da dā suke samun kira a gonakinsu yanzu babu. Idan wannan ya sami ƙasa mai arziki wadda ta yi shekaru tana shiri, me zai sami mai noman masara a ƙauyen da ko wutar lantarki babu?

Nauyin da ƙaramar waya take ɗauke da shi

Kada kowa ya raina 'yar wayar nan. Da ita ake kiran ɗan'uwa a kasuwar Giwa ko Dawanau a ji farashin buhu kafin dillali ya iso ƙofar gida. Da ita ake kiran mai mota da tsakar dare sa'ad da naƙuda ta yi tsanani, a kai mace asibitin Shika ko na Wusasa. A 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake Ministan Gona, ta saƙon tes gwamnati ta riƙa aika wa manoma shaidar karɓar taki mai rangwame. A farkon 2023, sa'ad da aka canja kuɗi takardar naira ta ɓace, da yawanmu da ƙaramar waya muka riƙa danna lambobin banki masu farawa da tauraro muna tura kuɗi, muna karɓar kuɗin tumatir da barkono. Cibiyar NAERLS da ke nan Samaru tana da layin taimakon manoma, wanda kira ne kawai yake bukata. Duk waɗannan suna aiki a kan 2G.

Mun kuma ɗanɗana rashin sabis. A ƙarshen Satumba 2021 aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, sai a ƙarshen Nuwamba aka buɗe. Waɗanda abin ya shafa sun san yadda ake tafiyar mil da yawa domin a yi kira ɗaya. Wancan na ɗan lokaci ne. Idan aka kashe 2G mutum ba shi da wata waya, nasa rufin ba shi da ranar buɗewa.

Akwai kuma maganar caji. Ƙaramar waya ta kan yi kwana uku ko huɗu da caji ɗaya. Babba kuwa kullum sai ta sha wuta, kullum sai an biya mai caji. Akwai maganar karatu. Gwauruwar da ba ta yi makaranta ba ta haddace inda za ta danna ta sami ɗanta a Kaduna. Ka ba ta waya mai shafawa, ka raba ta da shi har sai wani ya zauna ya koya mata.

Amma sabon ma yana da amfaninsa

Kada a ce mun zama masu ƙin ci gaba. Zamani riga ne. A 2016 tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir a jihar Kaduna, a shekarar kuma sabuwar tsutsar masara ta bayyana a ƙasar nan. Da yawa sun yi ta fesa maganin da ba shi ba ne, domin ba su san abin da suke yaƙi da shi ba. Yau da waya mai 4G ana ɗaukar hoton ganye a aika wa malamin gona, amsa ta dawo kafin rana ta faɗi. Ana ganin hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara. Ana kallon bidiyon yadda ake adana wake cikin buhu mai leda ba tare da guba ba. Magatakarda yana iya ajiye hoton kowane rasit na ƙungiya, gardama ta ragu a ƙarshen shekara. Wanda ya ce zai zauna a 2G har abada, shi ma bai yi wa 'ya'yansa adalci ba.

Muna kuma roƙon shugabannin ekklesiya su taimaka a daina yaɗa tsoro. A 2020 an yi ta baza jita-jita, har a wasu majami'u, wai 5G ne ya kawo cutar korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cuta ba ta bin iskar rediyo ko ta waya, cutar kuma ta yaɗu a ƙasashen da ba su da 5G ko kaɗan. Bagadi wurin gaskiya ne. Abin da ba mu tabbatar ba, kada mu hau da shi can.

Darasi daga gonakinmu

Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru. Daga cibiyar IAR muka sami irin masara na SAMMAZ, dawa ta SAMSORG, gyaɗa ta SAMNUT, da wake na SAMPEA, muna kuwa godiya. Amma akwai lokacin da masana suka riƙa gaya wa iyayenmu su daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai wannan noman duhun kai ne. A wajen 1966 wani masani mai suna David Norman da abokan aikinsa suka bi manoma a Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi, suna auna aikinsu da amfanin da suke samu. Suka tarar haɗa shuki ya fi ba da riba a kowace eka, ya kuma fi kāre gida a shekarar da ruwa ya yi gardama. Masana suka koma suka gyara koyarwarsu.

Iyayenmu sun san gero ya kan nuna da wuri, shi ke riƙe gida a watannin yunwa har dawa ta iso. Sa'ad da garmar shanu ta zo, ba su jefar da fartanya ba. Da tarakta ta zo, ba su sayar da shanun huɗa duka ba, waɗanda suka yi haka kuwa sun yi kuka ranar da taraktar haya ta lalace ana tsakiyar shuka. To, 2G shi ne geronmu a wannan magana.

Abin da muke roƙo ga hukuma da kamfanoni

Na ɗaya, kada a kashe 2G a wani yanki sai an auna an tabbata sabon sabis ya kai duk inda tsohon yake kaiwa. A auna a gona da fadama da cikin ɗakin ƙasa, ba a bakin kwalta kaɗai ba.

Na biyu, a ba da sanarwa ta shekaru, da Hausa da sauran harsunanmu, a rediyo, a kasuwa, a majami'a da masallaci.

Na uku, a kawo ƙananan wayoyi masu madannai waɗanda ke kama 4G, masu riƙe caji, a farashin da buhun masara ɗaya zai ɗauka ya bar canji. Indiya ta yi haka tun 2017. A rage musu haraji, a kuma yarda ƙungiyoyin gama kai su saya wa 'yan ƙungiya su biya bayan kaka.

Na huɗu, dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin kai sabis wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Muna so wakilanmu a majalisa da shugabannin ƙaramar hukumar Sabon Gari da ta Giwa su tambaya ƙauyuka nawa na yankinmu ke cikin lissafin wannan asusu. A Janairu 2025 NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Mun biya. Wanda ya biya kuwa yana da bakin tambaya.

A Tsohon Alkawari an umarci mai gona kada ya girbe har gefe-gefe, ya bar wa matalauci da baƙo abin kala. Roƙonmu ke nan ga masu wannan babbar gona ta iska.

Abin da ya rage gare mu

1. Kowace ƙungiya ta yi lissafi a taro na gaba: mutum nawa ke da ƙaramar waya, nawa ke da babba, wane kamfani ne ke kamawa a ƙauyen, a kuma wane wuri. A rubuta, a aiko mana. Da wannan takarda za mu je gaban hukuma.

2. Ƙungiya ta sayi waya ɗaya mai 4G daga asusunta, a hannun magatakarda, a rubuta ta cikin kayan ƙungiya kamar sikeli da injin feshi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a biya, a gwada irinta a cikin ƙauyen, gama abin da ya kama a kantin Sabon Gari ba lalle ya kama a gida ba. A kuma tambayi mai kanti ko tana yin kira a kan 4G kai tsaye, abin da suke ce wa VoLTE.

3. Kada kowa ya ci bashi ko ya sayar da dabbar kiwo saboda 5G. Mun san wani saurayi a wata ƙungiya da ya sayar da rabin masararsa tun da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, ya sayi irin wannan waya. Har yau a ƙauyensu harafin E take nuna masa, taki kuwa da damina sai da ya roƙa. Ubangijinmu ya koyar da cewa mai shirin gini ya fara zama ya lissafta ko zai iya gamawa.

4. Wanda sim ɗinsa tsoho ne ya je ofishin kamfani da kansa, da lambarsa ta NIN, a canja masa zuwa mai 4G. Lambar wayarsa ba za ta canja ba. Idan wani ya kira ka ya ce zai sabunta maka layi, ka ba shi lambar BVN ko lambar sirri ta banki, ko lambar da aka turo maka ta tes, ɓarawo ne. Ka kashe wayar.

5. Inda ekklesiya take da farantin sola, a sa wurin caji, a riƙa karɓar ɗan abu kaɗan domin gyara. Maƙwabtanmu Musulmi ma a buɗe musu, gama ƙarfen sabis ɗaya muke sha.

6. Matasa su ba da rabin awa bayan sujada ran Lahadi su koya wa dattawa da zumuntar mata. A koya musu kashe data sa'ad da ba a aiki da ita, domin babbar waya ta kan sha kati ko tana aljihu.

7. Idan sabis ya lalace, a fara kai kuka ga kamfani ta lamba 300. In ba su gyara ba, a kira NCC a lamba 622, kyauta ne. Kukan mutum ɗaya ya kan ɓace, na ƙungiya goma ba ya ɓacewa.

8. Mu tsare ƙarafan sabis da ke yankinmu. Wanda ya saci batir ko mai a wurin, ko ya haƙe waya a gefen hanya, ya yanke wa garinsu hanyar kiran taimako. Mai ƙona daji kusa da ƙarfe shi ma ya kiyaye.

Ga dattijonmu mai tambaya kuwa, amsarmu ita ce: Baba, ka bar awakinka su haihu. Wayarka tana aiki, ka riƙe ta. Ka sa baki ƙungiyarku ta sayi babba guda ɗaya, ka zauna kusa da jikan nan naka ya nuna maka yadda ake shafa ta. Ranar da wadda ke hannunka ta mutu, sa'an nan ka nemi ƙarama mai kama 4G. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna jiran lissafin ƙungiyoyinku kafin fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da iyalanmu. Amin.